Daɓen siminti a ƙofar gida: Ina ruwan saman Ƙofar Marke zai bi?

Da zarar damina ta ɗauke a Sakkwato, tifofi kan fara sauke yashi da tsakuwa a bakin lunguna. A Ƙofar Marke, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin, da sauran unguwannin cikin gari irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku, filin sabon gini ya yi ƙaranci, don haka aikin da ake yawan kiran birkila ya yi shi ne gyara: a faɗaɗa get, a zuba kankare daga bakin titi har inda mota za ta kwana, in da hali a shafe tsakar gida baki ɗaya.

Dalilan masu gida ba boyayyu ba ne. Daɓe yana raba mutum da taɓo a watan Agusta, yana rage ƙura a lokacin hunturu, shara ta yi sauƙi, kuma mota ba ta kafewa a ƙofar gida. Sai dai ruwan da ƙasar gidan take shanyewa a da, yanzu dole ya nemi wata hanya, kuma hanyar ita ce lungu da ƙofar maƙwabci.

Nawa aikin ke ci?

Hanyar mota mai faɗin mita 3 da tsawon mita 10, idan aka zuba ta da kaurin santimita 10, tana cin siminti kusan buhu 20 a kwaɓin da aka saba, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Idan buhu yana naira 10,000, an kashe 200,000 ke nan kafin a yi maganar yashi, tsakuwa, ruwa da kuɗin leburori.

Abin da ke ba Sakkwatawa haushi shi ne simintin a bayan gidansu ake yin sa. Masana'antar Kalambaina ta fara aiki tun 1967, yanzu tana hannun kamfanin BUA, kuma a watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon sashenta mai iya samar da tan miliyan 3 a shekara. Duk da haka farashin bai tausaya wa maƙwabta ba.

A watan Oktoban 2023 BUA ya sanar da saukar da farashin buhu zuwa naira 3,500 daga masana'anta, amma ragin bai isa shagunan dillalai ba. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a sassan ƙasar, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin aka tsayar da naira 7,000 zuwa 8,000. Ita kanta gwamnatin tarayya ta koma gina manyan tituna da kankare, ciki har da hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a Illela a watan Oktoban 2024. Ma'ana, mai gida a Ƙofar Marke da ɗan kwangilar titi suna neman kaya ɗaya.

Tsadar ce ke sa a rage siminti a kwaɓi, a rage kauri, a tsallake abin da ba a gani da ido. Abu na farko da ake tsallakewa kuwa shi ne hanyar ruwa.

Lissafin ruwan

Sakkwato ba gari ne mai yawan ruwan sama ba. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya cikin awa guda.

Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gida mai murabba'in mita 200, wanda samansa kwano ne ƙasansa siminti, idan aka yi ruwan milimita 30 zai tara lita 6,000. Wannan jarka 240 ce mai lita 25. Kusan dukkansa waje zai fita, kuma cikin 'yan mintuna. Idan gida 30 a lungu ɗaya suka yi haka, lita 180,000 ce za ta gangara a kwatar da aka haƙa domin ruwan wanke-wanke da na wanka.

Mutanen Sakkwato sun san ambaliyar da ke zuwa daga gulbi. Ba a manta Satumban 2010 ba, lokacin da ruwan Rima ya cinye gadar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ita wannan ta cikin lungu daban take. Ba ta shiga labarai, ba a kawo mata kayan agaji, sai dai ta kwanta a gindin katangar ƙasa tana jiƙa ta shekara bayan shekara, sauro kuma ya sami wurin hayayyafa.

Kuma gidan da ya kori jarka 240 a dare ɗaya, shi ne zai tsaya jiran 'yan garuwa a watan Afrilu. Ruwan da ba ya nutsewa a ƙasa ba ya komawa rijiya.

Gangaren da ke kashe kwata

Ɓarna mafi girma tana faruwa ne a ɗan wurin da mota ke hawa daga titi zuwa gida. Birkila mai gaggawa yakan cika kwatar da ɓaraguzai, ya sa siririn bututu a ƙasa, ya zuba kankare a kai. Leda biyu da yashin damina ɗaya sun isa su toshe bututun, kuma babu yadda za a yashe shi sai an fasa. Daga nan ruwan dukan layin ya tsaya a ƙofar wanda ke sama da shi, ko ya hau titi ya ci kwalta.

Sai kuma gasar tudu. Wanda ya zo zuba nasa daɓen yakan ɗaga shi ya fi na maƙwabci da taƙi guda, don kada ruwa ya shigo masa. Na gaba ma ya ɗaga. Wanda ba shi da kuɗin buhu 20, sau da yawa tsohon gidan gado mai ginin ƙasa, shi ke zama kwari. A ƙarshe zaurensa ne tafkin unguwa.

Wannan ba sabuwar rigima ba ce a wurin malamai. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalan wannan yanki suka yi hukunci da su sun yi magana a kan indararo da magudanar ruwa tsakanin maƙwabta, bisa ƙa'idar hana cutarwa. Abin da ya canza shi ne kayan aikin. Daɓen gargajiya, wanda mata ke bugawa da madaɓi a yayyafa masa makuba, yawanci a ɗaki da rumfa yake tsayawa, a bar tsakar gida da yashinta da itacenta. Siminti kuwa daga bango zuwa bango ake malala shi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, yana tara zafin rana ya riƙa huro shi har tsakar dare, a daidai wurin da iyali ke shimfiɗa tabarma.

Wa ke sa ido?

A Ingila, bayan ambaliyar 2007, an sauya doka a watan Oktoban 2008: duk wanda zai shafe sama da murabba'in mita 5 na gaban gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ya nemi izini, in dai ba ya tanadi inda ruwan zai nutse a cikin harabarsa ba. A garuruwa da dama na Jamus, kuɗin magudanar ruwa da mai gida ke biya yana ƙaruwa da girman filin da ya shafe.

A Sakkwato akwai hukumar tsara birane da ke duba taswirar gini, akwai ta kare muhalli, amma daɓen ƙofar gida ƙaramin aiki ne da ake gamawa cikin kwana biyu, ba wanda ke kai shi ofis. Ba lallai a jira sabuwar doka ba. Mai unguwa da limamin masallacin layi sun fi kowane jami'i sanin gidan da ya toshe kwata, kuma magana kafin a zuba kankare ta fi sauƙi a kan magana bayan ya bushe.

Gyaran ma bai kai tsadar da ake tsammani ba. A bar kwata da faɗinta da zurfinta, a rufe ta da murafan kankare masu rodi waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe. Maimakon shafe hanyar mota duka, ana iya zuba layi biyu inda tayoyi ke bi, a cika tsakiya da tsakuwa, wanda hakan kan rage simintin da kusan rabi. Intalok da aka jera a kan yashi yana barin wani kaso na ruwa ya nutse, matuƙar ba a liƙe tsakaninsa da siminti ba. A karkata daɓen da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa gindin itace ko ramin tsakuwa a cikin gida, nesa da harsashin gini, na indararo kuma a tare shi a tanki.

Wanda ya ga lallai sai kankare, to ya zuba da sassafe ko da yamma, a daddaɓe ƙasar sosai kafin nan, a yanka tsagi a kowace mita 3 domin tsagewa ta bi layi. Iskar hunturu tana busar da sabon daɓe kafin ya yi ƙwari, don haka sai an rufe shi da buhuna ana jiƙawa na aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Ruwan wannan jiƙon ma, a yawancin gidajen cikin gari, daga kurar 'yan garuwa za a saye shi.