Iska Kyauta Ce, Rariyarta Ce Abin Kula

A watan Oktoban 2025 aka bai wa mutum uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai: Susumu Kitagawa na Japan, da Richard Robson da ke koyarwa a Ostireliya, da Omar Yaghi, ɗan 'yan gudun hijirar Falasɗinu da aka haifa a Jodan. Sun ƙera wani abu mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, wanda yake kama wata iska ya saki 'yar'uwarta, ko da girmansu kusan ɗaya ne.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Karaye ko Rogo? To, ya tambayi uwar da ta kwana rungume da yaro mai nimoniya, ƙirjinsa yana lotsawa. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, oksijin kashi 21 ne kacal. Na'urar nan mai tayoyi da ake ajiyewa gefen gado tana zuƙo iskar ɗaki ta tura ta cikin ƙwayoyin ziyolait, waɗanda su ma ke da irin waɗancan ƙananan ƙofofi, su riƙe naitirojin, oksijin sama da kashi 90 ya wuce hancin yaro. Rariya ce, ba tsafi ba.

Amma ƙura da laima ba sa raga mata. Hazon hunturu ya toshe soson tacewa, laimar damina ta lalata ƙwayoyin. Na'ura tana ƙugi, kwalbar ruwa tana kumfa, uwa tana hamdala, alhali wataƙila iskar ɗaki ce kawai ake hura wa ɗanta. Wa ya auna?

Laifin na masu saye ne su mance da gyara. A sayo, a yanka kintinkiri, a ɗauki hoto, a watse. Masu saye su mance da gyara! Ba a koya wa kowa wanke soso ba, ba a ware sisin kwabo na canjin ƙwayoyi ba. Ga kuma wuta, wadda in na fara maganarta sai lokacinmu ya ƙare: dam ɗin Challawa yana shimfiɗe a ƙasar Karaye tun 1992, mu kuwa har yau in an ɗauke wuta sai a shiga neman man janareta, yaro yana haki.

Don Allah, duk mai niyyar ba asibitin karkara wannan na'ura, ya haɗo da sola, da ma'aunin oksijin, da kuɗin horar da ɗan gari ɗaya da zai riƙa buɗe ta yana dubawa. Hoton ya jira.