Masu galahanga a Zariya: Ina gurbinsu a filin wasa?

Tun daga shekarar 2008 ake gudanar da ranar masu larurar galahanga ta duniya a kowace 2 ga watan Afrilu, bayan da babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da hakan a 2007.

A Najeriya, akasarin tarukan da ake yi a ranar a Legas da Abuja suke ƙarewa, kuma hankali ya fi karkata ga batun asibiti da makaranta. Ba kasafai ake tabo batun wasanni da motsa jiki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021, kusan mutum ɗaya cikin 127 na da wannan larura, wadda ke shafar yadda mutum ke magana da hulɗa da jama'a. Bisa wannan ƙiyasi, da wuya a rasa irin waɗannan yara a unguwa kamar Ƙofar Galadima da ke birnin Zariya.

To sai dai a unguwannin cikin ganuwa, inda yara ke cika fegi da ƙwallo bayan sallar la'asar, yaron da ba ya magana ko ba ya haɗa ido da mutane galibi a cikin gida yake wuni. Wasu iyayen na gudun tsangwama, wasu kuma na danganta lamarin da iskoki ko sammu.

Abin da bincike ya nuna

Tun a 1982 wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa sassarfa na rage yawan maimaita motsi iri ɗaya a tsakanin yara masu galahanga, tare da ƙara musu natsuwa wajen karatu. Motsa jiki ba ya warkar da larurar, amma yana taimakawa wajen barci da kuma rage ƙiba, wadda wasu magungunan da ake ba yaran ke haddasawa.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun buƙaci yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, har da masu naƙasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasan ƙungiya. Ƙwallon ƙafa na buƙatar yaro ya fahimci nufin abokin wasansa cikin ƙiftawar ido, ya jure ihu da usur da bangaza, alhali waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke yi wa da yawa daga cikin yaran wuya. Haka abin yake a langa. Yaron da aka tura cikin irin wannan wasa ba shiri, aka kuma yi masa dariya, ba lallai ba ne ya sake yarda ya fita.

Shi ya sa masu horarwa kan fara da gudu ko jefa ƙwallo tsakanin mutum biyu, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya kullum, kafin a ƙara yawan 'yan wasa. Ƙungiyar Special Olympics, wadda aka kafa a Amurka a 1968, tana haɗa masu larurar ƙwaƙwalwa da marasa ita a ƙungiya guda, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka halarci gasarta ta Berlin a 2023.

Doka da aiwatarwa

A watan Janairun 2019 ne shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2021. Amma idan aka ambaci naƙasa, guragu da makafi da kurame ne ke fara zuwa a rai. Mai galahanga, wanda larurarsa ba ta bayyana a jiki, shi ake mantawa da shi.

Abin lura shi ne Zariya ba ta rasa kayan aiki ba. Jami'ar Ahmadu Bello na horar da malaman motsa jiki, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kuma tsohon tarihin ƙwallon kwando. A garin ne Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta lashe gasar NBA a 2019, ya koyi wasan. Sai dai duka waɗannan a wajen ganuwa suke, kuma kai yaron da hayaniya ke firgita shi zuwa Samaru a Keke Napep sau uku a mako ba ƙaramin aiki ba ne ga magidanci mai ƙaramin ƙarfi.

Mafi sauƙi shi ne ɗaliban su shigo birni, a yi amfani da harabar makarantun firamare da na Islamiyya a lokutan da ba kowa. Hakan na buƙatar amincewar masu unguwanni da limamai, musamman game da 'yan mata, waɗanda fitarsu wasa ke ƙara wuya da zarar sun fara tasowa.