Kafin A Zaɓi Manhajar Tattara Ra'ayoyi

Sanin kowa ne cewa ɗalibai masu bincike sun koma raba tambayoyinsu ta manhajojin intanet maimakon takarda. Sai dai da yawansu kan zaɓi manhaja don sauƙinta, ba tare da la'akari da waɗanda za su iya amsawa ba.

Alal misali, Google Forms kyauta ce, amma sai mai intanet ke cika ta. Ɗalibin da ke nazarin yadda manoma ke adana hatsi, in ya dogara da ita, galibi ra'ayin 'yan birni zai samu. KoboToolbox kuwa tana ba shi damar shiga ƙauye da waya, ya tambayi manomi baki da baki, ya adana amsoshi ko babu intanet.

Yawan amsoshi ba ya gyara wannan aibi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Roosevelt zai faɗi zaɓe, amma ya yi gagarumar nasara. Daga cikin dalilan akwai cewa ta tsamo sunaye da yawa daga jerin masu tarho da motoci.

Saboda haka wajibi ne malamai su sa ɗalibi ya fara tantance waɗanda zai tambaya, sannan ya zaɓi manhajar da za ta kai shi gare su.