Wasiƙa a Buɗe Zuwa Ga Masu Sharhin Siyasa a Jaridu da Gidajen Rediyo

'Yan'uwa abokan sana'a,

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a wannan aiki, wadda nake roƙon mu sake dubawa. Duk ranar da aka yi babban zaɓe aka tashi babu jam'iyyar da ta sami rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai, kafin gari ya waye mun nemo mutum ɗaya mun rataya masa laifin. Matsalar ita ce, a irin wannan rana labarin wanda ya jawo faɗuwa yakan fito ne daga bakin masu harin kujerar shugabancin jam'iyya, ko masu gudun a kama sunansu, mu kuma mu ɗauka mu yaɗa musu kyauta da sunan sharhi.

Ku dubi zaɓen Birtaniya na 8 ga Yunin 2017. Firaminista Theresa May ce ta kira shi tun wa'adi bai yi ba, don ta ƙara rinjaye kafin ta shiga ciniki da Tarayyar Turai kan ficewar ƙasarta. Sai reshe ya juye da mujiya: jam'iyyarta ta Conservative ta sauko daga kujeru 330 zuwa 317, alhali ana buƙatar 326 cikin 650. Kwana biyu bayan zaɓen, manyan mashawartanta Nick Timothy da Fiona Hill suka ajiye aiki saboda matsin lambar 'yan majalisar jam'iyyar. Waɗanda suka rubuta kundin manufofi suka ɗora laifi a kan ƙwararrun da aka ɗauko su tsara kamfe, ɓangaren Lynton Crosby, su ma aka ji nasu ɓangaren yana nuna kundin da yatsa. George Osborne ya fito a talabijin ya ce tata ta ƙare, kafafen labarai suka yi ta maimaitawa, kaɗan ne suka tsaya tuna wa jama'a cewa ita ce ta sallame shi daga muƙamin ministan kuɗi shekara guda kafin nan. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

To me alƙaluma suka ce? May ta sami sama da kashi 42 cikin ɗari na ƙuri'u, kason da jam'iyyar ba ta gani ba tun zamanin Margaret Thatcher. David Cameron, wanda ya gabace ta, da kusan kashi 37 ya sami rinjaye a 2015. Abin da ya canza shi ne jam'iyyar Labour ta tashi daga kashi 30 zuwa 40, jam'iyyar UKIP kuma ta rushe daga kusan kashi 13 zuwa ƙasa da 2, kuma magoya bayanta ba su kwarara wuri ɗaya ba kamar yadda masu tsara kamfen gwamnati suka yi lissafi. A tsarin da duk wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa yake ɗauke kujera, tazarar da ke tsakaninka da abokin hamayya a kowace mazaɓa ita ce magana. Labour ta ɗauke Kensington da ƙuri'a 20 kacal. A 2019 magajinta Boris Johnson ya ƙara abin da bai kai kashi biyu ba a kan na May, amma ya kwashi kujeru 365, domin Labour ta faɗo zuwa kashi 32. Wanda ya bayyana sakamakon 2017 da halin mace ɗaya, da me zai bayyana wannan?

Za ku ce ai shugaba shi ke ɗaukar nauyi, kuma wannan lissafin wanke May ne kawai. Ban wanke ta ba. Ita ta kira zaɓen bayan ta sha cewa ba za ta kira ba. Ita ta amince da shirin biyan kuɗin kula da tsofaffi da ya firgita masu gidaje, sannan ta ja da baya cikin kwana huɗu tana musun cewa wani abu ya canza. Ita ta ƙi zuwa muhawarar talabijin ta tura ministarta Amber Rudd. Waɗannan shawarwari ne da za a iya kama sunan mai su da ranar da aka yanke su, kuma a kansu ya kamata mu tsananta mata. Sallamar mashawarta biyu kuwa ta amfane ta ne, domin ta kwantar da hankalin 'yan majalisa, ta ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar DUP mai kujeru 10 bisa alkawarin ƙarin fam biliyan 1 ga Ireland ta Arewa, ta ci gaba da mulki har Yulin 2019. Farautar mai laifi cikin gaggawa ba ta kai ga hukunta mai yanke shawarar ba.

Kuskuren ya fi muni a ɗaya ɓangaren, domin yabo ma yakan rufe ido. Jeremy Corbyn, shugaban Labour a lokacin, wanda 'yan majalisar jam'iyyarsa 172 suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da shi a 2016, ya wayi gari ana yi masa kirari kamar shi ya ci, alhali yana bayan May da kujeru 55. Aka yi ta rubuta cewa matasa ne suka yi tururuwa zuwa rumfunan zaɓe. A farkon 2018 masu binciken zaɓe na British Election Study suka ce ba su ga hujjar wannan gagarumar fitowa ba, amma labarin ya riga ya zauna. Labour ba ta tsaya ta binciki yadda take rasa tsofaffin mazaɓunta na arewacin Ingila ba, sai da ta tashi da kujeru 202 a 2019, mafi ƙaranci tun 1935.

Na san uzurin da ya rage: edita yana jira, mai sauraro kuma suna yake so ya ji, ba lissafi ba. Gaskiya ne lokaci ƙanƙane ne, amma sakamakon mazaɓu yana fitowa a daren, kuma bai fi wuyar samu ba a kan kiran wayar wani jigo da ya ce a sakaya sunansa. Irin wannan rana kuma ba ta Turai kaɗai ba ce, domin a Ghana a 2020 jam'iyyun NPP da NDC kowacce ta tashi da kujeru 137 a majalisa.

Don haka ina roƙonku, idan wani ɗan jam'iyya ya kawo muku sunan mai laifi, ku tambaye shi wace shawara mutumin ya yanke, kuma a waɗanne mazaɓu ta yi ɓarna. Ku gaya wa mai karatu wace kujera mai maganar yake nema da wace ce aka taɓa ƙwace masa. In ya kasa amsa tambayar farko, kada ku buga.