Kwamitin Tsaron Unguwa: Ina Kujerarmu?



Dokar 'Yan Sanda da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta tanadi a kafa kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da jama'ar gari. Madalla. To amma a nan Jimeta, su wane ne jama'ar gari?

Mun san yadda ake yi. Da an zo ɗaukar kuratan 'yan sanda, sai a ce kawo takardar shaidar asali. Yaron da aka yanke wa cibiya a Luggere, kakansa ya zo fatauci daga Kano ko Katsina, a nan aka binne shi, sai a ce ya je can ya karɓo. Can kuwa ko mai unguwa bai san shi ba. Tsoronmu shi ne kada wannan al'ada ta biyo mu har cikin kwamitin tsaro.

Wanda ya ga tarzomar Maitatsine a garin nan a 1984, ko bama-baman 2015 a babbar kasuwa da masallacin Juma'a na Jambutu, ya san ba a duba takardar kowa ba kafin a kashe shi. Kuma wa ke fara ganin baƙuwar fuska? Mai shayi, da sarkin tasha, da mai gidan haya, da uwargidan da ke jin motsin maƙwabta ta katanga. Da yawansu namu ne. A bar su a waje, sannan a ce ana neman bayanan sirri? Kowa ya ja bakinsa ya yi shiru ke nan, domin wanda ba a san shi ba, in ya kai rahoto, shi ake fara tsarewa.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A Ingila, 'ya'ya da jikokin 'yan Pakistan da suka je aikin masaƙu sun daɗe suna kukan cewa 'yan sanda na yi musu kallon baƙi. Rahoton Macpherson na 1999 ya ce akwai wariyar launin fata a tsarin 'yan sandan Landan, gwamnati ta ƙayyade yawan 'yan tsiraru da take so a ɗauka aikin. Duk da haka Bradford ta kama da wuta a 2001, saboda amana ba ta ginu a unguwanni ba tukuna.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Da shi muka dogara. Ƙungiya za ta rubuta wa DPO, ta hannun masu unguwanninmu, cewa zama a unguwa ya zama ma'aunin shiga kwamiti.

Amma mu ma da laifinmu: ana kiran taro ba ma zuwa, sai an kama yaro mu fara neman wanda zai tsaya mana. Don haka kowace unguwa, daga Rumde zuwa Doubeli, ta kawo sunan mutum biyu, ɗaya mace, ranar Asabar bayan ajin yaƙi da jahilci. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da bakinsa, za mu rubuta masa.