Tiyatar Rage Ƙiba: A Ba Huhu Haƙƙinsa

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da hadiman manyan jami'ai da dama na tafiya Indiya, Turkiyya ko Masar domin tiyatar rage girman ciki, wasu kuma na yin ta a asibitocin Abuja da Legas. Galibi hankali na kan kilo nawa za a rage. Kaɗan ne ke tambayar yadda huhu zai farfaɗo, alhali nan ne haɗarin kwanakin farko yake.

Kitsen ciki na danne huhu daga ƙasa tun kafin tiyata. Maganin sa barci da zafin yanka kuma na hana majiyyaci jan dogon numfashi, sai ƙananan jakunkunan iska su rufe, majina ta taru, ciwon huhu ya samu ƙofa. Masu ƙiba da yawa kuma na da lalurar ɗaukewar numfashi cikin barci ba tare da sun sani ba, wadda minshari mai ƙarfi da gyangyaɗin rana ke nunawa. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi na ƙara tsananta ta.

Kariyar sananniya ce: a yi gwajin barci kafin tiyata, a bar taba makonni da dama kafin ranar, a kwanta da kai a ɗage, a taka ƙafa tun ranar farko, a riƙa atisayen numfashi kamar sau 10 a kowace sa'a. Wanda aka rubuta wa na'urar CPAP, mai tura iska ta abin rufe hanci, ya tafi da ita asibiti, ya ci gaba da amfani da ita a gida har likita ya ce ya daina.

Wannan jarida na kira ga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa, da ta fayyace wa ma'aikata matsayin gwajin barci da wannan na'ura a tsarinta. Shugabannin ma'aikatu su ba da cikakken hutun jinya. Majiyyaci kuma ya tanadi batiri saboda ɗaukewar wuta, kada ya yi gaggawar hawa jirgi, domin doguwar tafiya na ƙara haɗarin daskarewar jini da kan toshe jijiyar huhu. Sarƙewar numfashi, zazzaɓi ko ciwon ƙirji bayan sallama na buƙatar asibiti nan take.