Kuɗin Mazauna Ƙetare: Linzami a Hannun Wasu

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya mazauna ƙetare sun aiko da kusan dala miliyan dubu 20 a 2023. Cefane, magani da kuɗin makaranta ne suka lashe galibinsu. Abin da ya zama rijiyar burtsatse ko asibitin ƙauye bai taka kara ya karya ba.

Sannan linzamin wannan arziki a hannun wasu yake. A 2024 Birtaniya ta hana baƙi masu kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, a 2025 ta daina ɗaukarsu daga waje.

Maimakon roƙon gudummawa, kamata ya yi gwamnati ta sake sayar masu da takardun lamuni irin na 2017, waɗanda suka tara dala miliyan 300, amma a ɗaure kuɗin ga ayyukan da mai zuba jari zai iya zuwa ya gani da idonsa.